Gudaji a Cikin Bango

A gidan da na tashi, cikin birnin Kano, mutum ashirin da 'yan kai ne ke cin tukunya ɗaya. Ranar girkin Inna, da an idar da la'asar za ka ga ta fito da kwano ta auni gari, ta ɗaga kai ta bi ƙofofin ɗakuna da ido ɗaya bayan ɗaya, bakinta na motsi, sannan ta ƙara tafi biyu saboda baƙon da ba a san da zuwansa ba da almajirin da zai tsaya a zaure bayan isha'i. Ban taɓa ganin ta ɗora tukunya ba tare da ta san bakin da za su ci ba. Shekara da shekaru ina kallon wannan ban ɗauke shi a bakin komai ba, sai da na gina nawa gidan aka zo jan ruwa.

Wata bakwai da tarewarmu, bangon da ya raba banɗaki da ɗakin yara ya fara gumi. Fenti ya kumbura ya yi ƙuraje, wani farin gari kamar gishiri ya feso a gindin bangon, warin danshi ya kama ɗakin har cikin katifa. Muka ce damina ce. Damina ta wuce, hunturu ya shigo, leɓe na tsagewa, ƙafa na faso, bango bai bushe ba. Ga tanki kuma, a cika shi da magariba, a wayi gari ya yi ƙasa alhali ba wanda ya taɓa famfo. Ruwa ba ya tsami banza. Da aka fasa tayil aka bi danshin da guduma, sai ga abin a fili: bututu biyu a haɗe, bakin ɗaya ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Wanda ya yi aikin bai sayi soket ba, ɗan guntun mahaɗin nan da ake zura bakin bututu biyu a ciki. Takardar buhun siminti ya kunna, ya gasa bakin bututun har ya yi laushi, ya cusa ɗayan a ciki, ya shafa gam sama-sama. Bututun ma ba na ruwa ba ne, irin mai fatar albasar nan ne da ake zura wayar wuta a ciki.

Ba zan ɗora masa laifin duka ba. Ni na yi ta ciniki har na kai shi maƙura, ni na ce lallai sai mun tare kafin azumi, ni na tsaya a kansa ina cewa mai filasta na jira. Soket ɗin da aka yi tsiminsa bai kai kuɗin kwanon abinci ɗaya a bakin kasuwa ba, amma ya jawo mini fasa bango, sayen tayil, sake fenti, da tarin da ƙaramin ɗana ya yi ta fama da shi a ɗakin nan mai danshi.

Da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, Inna ta fita takaba ta dawo wurina. Na gina mata ɗaki da banɗaki a bayan gida, na kuma yanke shawarar a sake jan ruwan gidan gaba ɗaya. Mai aikin famfon da aka haɗa ni da shi wannan karon dattijo ne, mai furfura a gemu, ba mai yawan magana ba. Na zaci zai zaro tef ya hau awo. Sai ya zauna a benci a ƙofar gida ya ce, “Maigida, mutum nawa ne a gidan?” Na faɗa masa. Ya ce, “Wa ke riga kowa tashi? A ina ake wanke-wanke? Wanki fa, a tsakar gida ko a baya? In ba damuwa a yi mini iso in gaida Hajiya, in kuma ji ta bakin uwargida. Su ne masu ruwan.”

Abin da suka gaya masa a cikin minti ashirin, ni da na yi shekaru a gidan ban san shi ba. Uwargida ta nuna masa famfon tsakar gida da aka kafa kusa da ƙasa, jarka ba ta shiga ƙarƙashinsa sai an karkata ta, kuma yana nesa da rariya, kullum wurin a jiƙe yara na zamewa. Ta nuna masa na kicin da yake bayan ƙofa, mai wanke-wanke na tsaye ana buɗe ƙofa tana bugun ta. Inna kuwa magana ɗaya ta yi: “Malam, ni dai gwiwa ta ƙi. A sa mini famfon alwala inda zan zauna in miƙa ƙafa, ba sai na sunkuya ba.” Ya ce, “An gama, Hajiya.” Ya sa aka ɗauko kujerarta 'yar tsugunno, aka ajiye a banɗakin, ya auna daga kanta ya yi alama da gawayi a jikin bulo. Tun ran gini ran zane. A nan na fara tuno Inna tsaye da kwanon gari tana ƙirga ƙofofi.

Ruwan gida irin namu daga tanki yake saukowa, ba abin da ke tura shi sai nauyin kansa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka tanki mai lita 1,000 in ya cika tan guda ne cur a kan ƙafafun ƙarfe, abin da ya isa ya sa mutum ya duba waldar ƙarfen da kyau tun da yara a ƙarƙashinsa suke wasa. Ƙarfin da ruwa ke fita da shi a famfo kuwa daga tsayin tankin yake zuwa, girman tanki ba ya ƙara masa komai. Kowace mita 10 ta tsayi tana ba da turin da masu aikin ke kira bar ɗaya. Namu mita 5 yake daga ƙasa, wato rabin bar, kuma kan shawa da ke sama da tsayin mutum ya cinye mita biyu daga ciki. Ɗan ƙarfin da ya rage ke nan za a raba wa gida guda.

Wanda ya taɓa tsayawa a gindin murhu lokacin kwasar tuwo ya san yadda ake irin wannan rabo. Daga tukunya sai babban akushi na zaure, sai langa ta kowane sashe, daga nan uwar kowane ɗaki ta gutsura wa yaranta a ƙananan kwanuka. Babba ke ciyar da ƙarami har a kai ga autan gida. Wancan mai aikin na farko bututu mai rabin inci ya bi da shi ko'ina, tun daga gindin tanki har banɗakin ƙarshe, kamar a ce a ciyar da gidan mutum ashirin da cokalin shayi. Shi ya sa da an buɗe famfon kicin sai mai wanka ya tsaya da sabulu a ido yana kira. Bututu mai inci ɗaya ba ninki biyu na mai rabin inci ba ne. Girman raminsa ninki huɗu ne. Dattijon ya sauko daga tanki da mai milimita 32, ya shiga kowane sashe da mai 25, ya ƙarasa bakin kowane famfo da mai 20. Ya kuma rage kwana-kwana iyakar iyawarsa, don kowace gwiwa da aka sa tana cin nata kason na ƙarfin ruwa, kamar yadda kwanon da ya bi ta hannu da yawa ba ya isa yadda aka zuba shi. A bakin kowane sashe ya sa makulli, saboda ran da famfon Inna ya lalace kada a hana dukan gida ruwa kafin a gyara.

Da muka je Ƙofar Ruwa sayen kaya na ga wani abin da ya sake tuna mini da ita. Inna ba ta sayen dawa sai ta ɗebi tsaba ta ciza, ta ji ƙarar ta a haƙori, ta shinshina ko ta yi ruma. Shi ma haka. Ya ɗaga bututu ya dubi kaurin bakinsa, ya matsa da babban yatsa, ya juya shi yana neman rubutun da ke jiki. Wanda ba rubutu sai ya mayar ba tare da ya ce uffan ba. Ya nuna mini cewa farar roba ko mai ruwan toka da ake kira PVC iri-iri ce: akwai ta jan ruwa mai kauri, akwai ta zubar da ƙazamin ruwa, akwai ta waya, daga nesa duk kamarsu ɗaya. Koren nan da ake kira PPR kuwa lamba ce a jikinsa, PN10 ko PN16 ko PN20, tana faɗin yawan turin da zai iya ɗauka. Na ruwan zafi sai mai 20. Mai shago ya ce akwai mai sauƙi, shi ma yana yi. Dattijon ya ce, “Na sani, ɗana. Ba ni wancan.” A hanya ya ce mini, “Maigida, araha ba ta ado. A fenti ka yi tsimi in kana so, fenti a waje yake. Wannan binne shi za mu yi.”

Ba na cikin masu kukan zamanin bututun ƙarfe. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da aka fara jawo ruwan Challawa zuwa birni, ƙarfe ne ke kai ruwa gidaje, kuma ya yi wa mutane hidima mai tsawo. Amma na tuna famfon tsohon gidanmu: in ruwa ya dawo bayan kwana biyu, bokitin farko ja yake zuwa kamar ruwan jar kanwa, sai an zubar. Da aka tone bututun daga baya, tsatsa ta taru a ciki kamar ƙanzon tukunyar da ba a kankarewa, ramin da ya rage da ƙyar ɗan yatsa zai shiga. Roba ba ta tsatsa, ba ta da nauyi, yaro ɗaya ya ɗauki abin da a da sai ƙarti biyu. A Jamus aka fara yin bututun PVC a shekarun 1930, robar da ake yin koren kuma wani masani ɗan Italiya, Giulio Natta, ya gano hanyar sarrafa ta a 1954. Alheri ne babba. Sai dai sauƙin nata shi ne ya buɗe ƙofar ɓarna. Aikin ƙarfe sai wanda ya zauna ya koya, ya mallaki injin yanka zare. Roba kuwa duk mai zarto da gwangwanin gam sai ya ce shi ma ya iya, kamar yadda duk mai muciya ke ganin ta iya tuwo.

Ranar da aka fara haɗi, Inna ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar katanga, carbi a hannu. Yaron mai aikin ya tayar da janareta, ya jona wata na'ura mai kama da dutsen guga, da kumatu biyu na ƙarfe, ɗaya rami ɗaya tsini. Koren bututu ba ya shan gam, da wuta ake haɗa shi. Sai na'urar ta kai digiri 260, fitilarta ta nuna, sannan ake taɓa ta da bututu. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, ka ga irin zafin. Dattijon ya yanke bututu da almakashinsa, yanka ɗaya a miƙe, ya goge bakin da tsumma mai tsabta, ya auna milimita 14 daga baki ya ja layi da fensir. Ya cusa bututun a ramin, ya cusa gwiwa a tsinin, lokaci guda, yana ƙirgawa ƙasa-ƙasa: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ya zare, ya haɗa su kai tsaye har layin fensir, bai murɗa ba, ya riƙe shiru. Wani siririn zobe na narkakkiyar roba ya ɓullo a bakin mahaɗin ya zagaye shi daidai wa daida. Ya ajiye gefe ya ce kada a taɓa sai bayan minti biyu. Mai 25 sakan bakwai yake ba shi, mai 32 sakan takwas. Tsakanin aiki mai kyau da ɓatacce, numfashi biyu ne.

Bayan azahar ya miƙa wa yaron. Na farko da na biyu suka yi daidai. A na uku wayar yaron ta yi ƙara a aljihu, hankalinsa ya rabu, bututun ya daɗe a wuta, da ya zare kuma sai ya danna da ƙarfi har ya wuce layin. Daga waje ba abin da za ka gani; ya ma fi sauran sheƙi. Dattijon ya karɓa, ya ɗaga shi saitin rana ya leƙa, ya ɗauki zarto ya tsaga mahaɗin gida biyu. Robar da ta narke ta naɗe ta koma ciki, ta toshe fiye da rabin ramin.

Yaron ya ce, “Oga, ai ba zai yi yoyo ba.”

Ya ce, “Ba zai yi yoyo ba. Ba zai kuma ba da ruwa ba.”

Inna ta miƙo hannu aka ba ta. Ta juya shi, ta sa farce ta taɓa dunƙulen da ke ciki. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, sai ta ce, “Kai, zo ka gani. Wannan ai gudaji ne.”

Ba ta ƙara da yawa ba, amma na gane. Malmala takan fito sumul, an shafe ta da mara tana ƙyalli, sai ka gutsura ka tarar da ɗanyen gari a dunƙule a ciki. Daga baya, da dattijon ya gaya mata cewa in wutar ta yi kaɗan kuma haɗin yakan kama na ɗan lokaci sannan ya saki, ta gyaɗa kai ta ce, “Talge bai dahu ba ke nan. Da daddare ka gan shi tuwo, da safe ya saki ruwa.” Ita da ba ta taɓa riƙe bututu ba ta riga ni fahimtar aikin, domin shekara hamsin ta yi tana tsaye tsakanin wutar da ta yi yawa da wadda ta yi kaɗan, tana sanin lokacin da hannu ba da agogo ba.

A nan ne kuma kamar da ke tsakanin tuwo da bututu ta rabu, kuma rabuwar ce ta fi tsaya mini a rai. Gudajin tuwo a daren ake gane shi. Mai girki ta ji kunya a gaban kishiyoyi da surukai, gobe ta gyara hannu. Gudajin bututu siminti ake zubawa a kansa, a manna tayil mai tsada, a biya mai aiki ya tafi da godiya. Bayan wata uku shawa ta koma ɗigo. Maigida ya zargi tanki, ya ƙara masa tsayi. Ya zargi burtsatse. Ya sayo injin ƙara ƙarfi, injin ya yi ta turi har wani raunannen haɗin ya fashe a wani bangon. Ba wanda zai kawo a ransa cewa wayar wani yaro ce ta yi ƙara wata rana bayan azahar. Na sha shiga gidaje masu ƙofar gilashi da fitilu kamar fada, ka shiga banɗaki ka tarar da bokiti da moɗa a ƙarƙashin shawar da ba ta taɓa aiki ba. Ina ganin yawancinsu irin wannan ne, kuma ina ganin mu masu gida muna da kaso babba, domin abin da baƙo zai gani muke zuba wa kuɗi da lokaci, abin da iyali za su rayu da shi kullum mu ce a yi sauri.

Layin da ya taso daga burtsatse zuwa tanki da PVC aka yi shi, shi kuma nasa hannun daban. Mutane na ɗaukar gam ɗinsa kamar ƙaron da ake liƙe takarda, a shafa da yawa ya kama da kyau. Aikinsa narkar da fatar robar ne ta ɓangaren biyu, su cakuɗe su daskare su zama abu ɗaya. Saboda haka dole bakin ya yanku a miƙe, a kankare gashin da zarto ya bari, a ɗan fere gefen, a goge ƙura da danshi, a gwada a bushe tukuna. Sannan a shafa a bututu a shafa a soket, a tura har ƙarshe tare da ɗan murɗi kwata guda, a riƙe kamar rabin minti don yakan so ya turo kansa waje. Koren ba a murɗa shi, wannan ana murɗawa. Wanda ya rikita su ya ɓata duka biyun. In an haɗa an haɗa, kamar gishirin da ya shiga miya, gyaransa sai dai a yanke a zubar. Gwangwanin da ya yi kauri kamar kwantan kunu dattijon bai yarda da shi ba, ya ce wasu fetur suke zuba masa don ya saki, daga nan ya daina cin roba. Ya kuma hana a kunna ashana kusa, ya sa aka buɗe tagogi saboda warin. Da aka gama ya ce ba a sakin ruwa sai gobe war haka. Inna ta ce daidai ne, ko tuwo in an gama tuƙi sai an rufe shi ya sulala. Ruwan hita kuwa bai bi da shi ta PVC ko taku ɗaya ba, don wannan robar in zafi ya haura digiri 60 laushi take yi.

Rana ma wuta ce, musamman tamu ta bazara da ke haura digiri 40. Kowace mace ta san abin da ke samun bokitin roba da aka manta a tsakar gida wata da watanni: launinsa ya koɗe, wata rana a ɗaga shi da ruwa kunnensa ya ɓalle. Bututun da aka bari tsirara a jikin katanga haka yake ƙarewa. Duk inda ya iya binnewa dattijon ya binne, a kan yashi mai laushi ba a kan ɓaraguzan bulo ba. Inda dole ya fito, kamar gangarowa daga tanki, ya sa aka yi masa fenti aka lulluɓe. Ya kuma bar masa wurin motsi, domin roba tana miƙa da zafi tana takurewa da sanyi. Koren bututu mai mita 10, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, yakan ƙara tsawon santimita huɗu da rabi. Wanda aka ɗaure tamau ba inda zai miƙe sai ya lanƙwashe, ko ya ja haɗinsa har ya gaji.

Akwai abu ɗaya da ya dage a kai har muka ɗan ja, domin ya ƙara mini tsawon bututu: ya ƙi bi da layin ruwan sha ta gefen ramin masai, ya zagaya da shi nesa. Duk wanda ya bi lungunan birni ya ga siraran bututai kwance cikin kwata, wasu an ɗaure tsagarsu da robar tayar keke. Muddin akwai ruwa a ciki, tsagar fitar da shi take yi. Ran da aka ɗauke ruwa, bututun ya zama fanko, sai ya zuƙo abin da ke kewaye da shi, in ruwa ya dawo ya kai shi randar wani. Ta irin wannan hanya taifot da amai da gudawa ke shiga gidan da ake shara da wanke-wanke kullum. Babu matar da za ta ajiye kwanon abinci a bakin kwatami ko da a rufe yake. Da ya faɗa mini haka ban ƙara magana ba.

Kullum in za su tashi, yaron sai ya bi bakin kowane bututu ya toshe, kada yashi ko siminti ko ɗan ƙadangare ya shiga. Inna ba ta taɓa barin tukunya a buɗe ta shiga ɗaki ba.

Ranar da aka gama, mai filasta ya iso da sassafe da yaransa, an riga an jiƙa yashi. Dattijon ya ce ba yau ba. Mai filasta ya dube ni, na ji tsohon halin nan yana taso mini, na lissafa kuɗin yinin da zan biya a banza. Inna daga tabarmarta ta ce, “Kai, ana kwashe miya ba a ɗanɗana ba?” Na sallami mai filasta da kuɗin mota da ban haƙuri.

Dattijon ya toshe kowane baki, ya cika layin da ruwa, ya fitar da iska, ya jona wani ɗan famfon hannu mai agogo ya yi ta turi. Ƙa'ida ita ce a gwada da turin da ya kai aƙalla ninki ɗaya da rabi na abin da bututun zai riƙa ɗauka kullum. Shi ya wuce haka nesa. Allura ta ɗan sauka da farko, ya ce roba ce ke buɗewa, ya ƙara turi, muka zauna. Bayan sa'a guda ta sake sauka kaɗan. Ya tashi ya bi haɗi ɗaya bayan ɗaya da busasshiyar takarda, ba ya tsallake ko ɗaya. A banɗakin yara, inda mahaɗi mai zaren tagulla zai karɓi famfo, takardar ta yi duhu. Ɗigo ne da ido ba ya gani sai an ƙura. Yaron ya naɗa farin tef ɗin ta baibai, da aka ɗaura sai ya warware maimakon ya matse. Aka kwance, aka sake naɗawa ta inda zare ke tafiya, aka ɗaura da hannu aka ƙara kaɗan da sifana, ba a yi masa ƙarfin tuwo ba don kada mahaɗin ya tsage. Yini da kwana ɗaya sakan 86,400 ne. Ɗigo ɗaya a kowane sakan, a cikin bangon da yarana ke kwana a jikinsa. Minti goma gyaran ya ci.

Aka bar ruwan a ciki ya kwana. Da safe allura na nan inda aka bar ta. Kafin a yaɓa siminti ya sa na ɗauki hoton kowane bango da waya, da tef a miƙe a gefen bututu, don ran da za a kafa ƙusar madubi ko ta labule a san inda ruwa ya bi. Dama duk layinsa a tsaye ne ko a kwance, ba wanda ya ratsa bango a karkace. Sannan ya buɗe bakunan ya bar ruwa ya yi ta zuba har ya wanke cikin kafin a ɗaura famfuna. Tsagaggen mahaɗin nan kuwa ya miƙa wa yaron ya ce ya sa a akwatin kayan aiki, kada ya yar.

A daren ƙarshe Inna ta ce ita za ta yi wa masu aiki tuwo. Hannunta ba ya iya tuƙi yanzu, amma ita ta auni gari, ita ta yi talge ta zauna a kansa har ya dahu, uwargida ta tuƙa. Suka ci a zaure da miyar kuka, dattijon ya aiko da godiya da addu'a, ta ce a ce masa Allah ya yi wa sana'a albarka, ya shirya masa zuriya.

Da asuba na farka da kiran sallar farko. Uwargida na kicin tana tara ruwa a tukunya, ina jin ƙarar sa. Daga bayan gida kuma na ji an ja kujera 'yar tsugunno, an murɗa famfo, ruwa ya zubo da ƙarfinsa bai ragu ba, Inna na alwala a zaune.